Abin da Teku Ta Bari a Kwamin Tsohuwa

Shekarar da teku ta haura gaɓar tsibirin Staten Island, ina aikin kula da gidan wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu. Ruwan gishiri ya cika kwamin ninƙaya da ke bayan gidan. Muka shagala da gyaran ɗakuna, ban waiwaye shi ba sai bayan mako shida ko bakwai.

Na tarar da bangon kwamin ya yi ƙuraje. Wasu fararen abubuwa masu tauri kamar haƙori sun manne tun daga matakala har ƙasa. Na ɗauka siminti ne ya kumbura. Na sa yatsa, ɗaya ya yanke ni. Ina tsotsar jinin sai na ga bakinsa ya buɗe, wani abu kamar gashi ya leƙo, ya koma.

Ni mutumin Maraɗi ne. Na san kwaɗo, na san gansakuka, amma ban taɓa ganin dutse mai buɗe baki ba. Na zuba maganin tsabtace ruwa ninki biyu. Bayan kwana uku suna nan daram.

Na kira wani abokina mai shago a unguwar Tompkinsville, ɗan Zangon Takoradi, wanda ya tashi a bakin teku. Ya zo ya leƙa.

"Malam, dabba ce," in ji shi. "Su ke manne wa gindin kwale-kwale. Sai an kankare."

"To bari in kwashe ruwan."

"Kada ka kwashe duka. Ƙasar nan ta sha ruwa, kwamin zai taso sama."

Nan kaina ya ɗaure. Yaya rami zai taso? Ya danna kwano marar komai cikin bokitin ruwa, ya sake shi ya taso, ya nuna mini har sau biyu. Na gyaɗa kai kawai.

Na rage ruwan zuwa ƙugu, na shiga da shebur. Kwana tara ina kankara. Ran na huɗu tsohuwar ta tsaya a kaina, tana kallon ɓawon da na tara.

"Suna jin zafi?" ta tambaya.

Na ce ban sani ba. Na buga wa abokina waya, ya ce shi ma bai taɓa tunanin haka ba. Daga ranar na riƙa yin bismillah kafin in kafa shebur, ban ma tabbata ko ya kamata ba.

Bangon ya fita, sai dai fararen zobba da suka ƙi gogewa. Da zafi ya shigo, jikokinta suka zo wanka, suka ga zobban, suka tambaya mene ne. Ta nuna ni, ta ce ni ne masani. Na ce musu baƙi ne daga teku, suka yarda, suka faɗa ruwa.