Ming Nida, Wadda Ta Goya Kakata

Kafin gari ya gama wayewa za ka ji tsintsiyar Ming Nida a ƙarƙashin gidansu mai dogayen ƙafafu. Nan take girki, nan take wanke gyambo, ranar Lahadi kuma a shimfiɗa tabarmi wurin ya zama majami'a. Tana ɗora kunun shinkafa, mijinta Pou Efren yana ɗaure kayan gyaran famfo a bayan babur, 'ya'yansu biyu suna musun wanda zai ba kaji dusa. Duk wanda ya wuce sai ta ɗaga murya: "Ka ci shinkafa?" A wurinmu gaisuwa ce kawai. A wurinta kuwa, in ka kuskura ka ce a'a, ka zauna ke nan.

Sunanta Leonida Pacaldo. Ita da mijinta 'yan mishan ne daga Filifin, sun sauka ƙauyenmu ina rarrafe. Sunan ya yi wa bakinmu tsawo, muka gutsure shi, muka sa mata Ming kamar kowace gwaggo. Ita ma harshenmu na Khmer bai taɓa miƙe mata ba. Har yau in aka buɗe tulun prahok, kifin nan namu da ake tsimawa da gishiri, sai mata su zuba mata ido.

"Ming, har yanzu toshe hanci kike?"

"Wa ya toshe? Mura nake yi."

"Murar nan taki ta girmi 'ya'yanki!"

Kowa yana da abin da ya gani. Om Vuthy, wanda nakiya ta ɗauke wa ƙafa, zai gaya maka yadda take wanke masa dungulmin yana zaginta da warin giya a bakinsa. Iyaye mata za su gaya maka shekarar da zazzaɓi ya kwantar da yara, ta bi gida gida da ruwan gishiri da sukari. Ni nawa labarin na kakata ne, Yeay Sokhom.

Yeay ta rasa mijinta da 'ya'yanta maza biyu a shekarun kisan kiyashin da aka yi a ƙasarmu, ba ta san inda ƙasusuwansu suke ba. Abin da ya rage mata shi ne Pchum Ben, lokacin da ake kai abinci wat, gidan ibadar Buddha, don ladan ya isa ga matattu. Ba ta taɓa fashi ba. Sai shekarar da gwiwoyinta suka ƙi, ruwa kuma ya mai da hanya taɓo, ko babur ba ya bi. Ta roƙi mahaifiyata, Chantrea, ta kai mata. Mahaifiyata ba ta daɗe da zama Kirista ba, tana tsoron yin saɓo. Ta ce, "Mama, na bar wannan."

Yeay ta ture kwanonta, ta juya wa bango fuska. "In su ba za su ci ba, ni ma na ƙoshi."

Kwanaki suka wuce tana ramewa, uwa da 'ya ba mai yi wa wata magana. Wata safiya Ming Nida ta hawo matakala.

"Yeay, kin ci shinkafa?"

"Je ki tambayi ɗalibarki. Ke kika sace min 'ya."

"Wa ya sace ta? Ga ta can bayan randa tana kuka." Ta durƙusa, ta warware krama, ƙyallen da ke wuyanta. "Yeay, kin san imanina, ba zan miƙa abincin nan da hannuna ba. Amma ina da baya. Hau."

"Ke? Da wannan ƙugu kamar na fara? Ki zubar da ni a gona?"

"In muka faɗa ruwa, kya ce 'yar mishan ta yi miki baftisma."

Yeay ta yi tsaki, amma ta hau. Rabin ƙauye sun ga wucewarsu: Ming cikin taɓo har cinya, tsohuwa ɗaure a bayanta da kwanukan abinci suna dukan ƙirjinta, tana ba da umarni kamar mai koran shanu. A ƙofar wat ta sauke ta, matan ciki suka karɓe ta. Ming ta zauna a waje gindin bishiya tana cire tsutsar ruwa daga ƙafarta. Da suka dawo, Yeay ta ci kwano biyu.

An yi gunaguni a majami'a. Wani dattijo ya ce mutane za su ɗauka ta sauya hanya. Pou Efren bai ɗago daga famfon da yake kwancewa ba, ya ce, "Matata ba ta shiga ba, kuma ba ta bar tsohuwa ta mutu ba. Wanne ne laifin?" Ming kuwa ta ja mahaifiyata gefe. "Chantrea, na koya miki ki girmama uwarki. Ban ce sai in ta biyo ki majami'a ba."

Yeay ba ta sauya addini ba, Ming kuma ba ta daina goyon ba, duk shekara.

Ming, ke ce uwar goyon tsofaffi. Kin zo ki faɗa mana abin da kika gaskata, harshe ya ba ki wuya, sai bayanki ya ƙarasa maganar. Ranar da aka yi muku taron bankwana an miƙo min lasifika don na yi jami'a, na ce na gode kawai na koma na zauna. Shi ya sa nake rubutawa.

Wata mai zuwa za ku koma gida, likita kuma ya hana ki ɗaukar nauyi. Tun da Yeay ta ji labari take tambayar bango wa zai kai ta. Da Pchum Ben na bana ya zo, kin hawo matakala kamar kullum, kin fara warware krama. Mahaifiyata ta riƙe bakin ƙyallen.

"Ming, kawo. Uwata ce."

Yeay ta dube ta tun daga sama har ƙasa. "Ki bi a hankali, 'yar nan. Waccan ta fi ki iya tafiya."

Mahaifiyata ta goya ta har ƙofar wat. Kun zauna tare a gindin bishiyar nan, ke da mahaifiyata, kuna jiran fitowar Yeay.

Mun gode, Ming Nida. Mun gode, Pou Efren, da ruwan da muke sha. Ku kuma masu karatu, in akwai tsoho a gidanku da addini ya shiga tsakaninku, ba na ce ku shiga inda yake shiga ba. Ku dai durƙusa, ku kai shi bakin ƙofa, ku jira.