Gwaggo Tabawa da Turawanta na Cikin Kwalla

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Ƙanƙara ya san Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinmu, ba ta amsa gaisuwar yaro sai ta duba tafin hannunsa. Kana cewa ina wuni za ta ce, "Miƙo in gani." In ta ga maiƙo ko ƙasa, to buta! Sai kowa ya wanko tas take jawo babbar kwallarta daga ƙarƙashin gado, ta kwashe ganyen bedi, wato dogon yaro, da take zubawa don gara, ta fito da Turawanta.

Littattafan zane ne, wajen ashirin, manyan labaran Turawa na dā da aka mayar hoto-hoto, maganar kowa a cikin wani ɗan ƙwai bisa kansa. Ƙanenta Baba Sale, direba a kamfanin hanya a Kaduna lokacin da arzikin mai ya buɗe, shi ya tsinto su a kayan wani Bature da zai koma gida. Ya ce ta riƙa naɗe ƙosai da su, tunda sana'arta ke nan. Ta buɗe na farko a bakin kasko. Wallahi ranar har ƙarshen layi aka ji ƙauri! Mai saye ya ce, "Gwaggo, yago mani takarda mana." Ta ce, "In yage mutum yana tsakiyar magana? Je ka ɗauko kwano."

Ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba, amma kowa ta raɗa masa suna. Akwai Mai Hanci, matuƙin jirgin ruwa. Akwai Hajiya Rumbu, saboda faɗin rigarta. Abu ɗaya ke damun Gwaggo da Hajiya Rumbu, yawo ba ɗankwali. Rannan ta aike ni wurin Malam in roƙo tawada, ta samu tsinke, ta bi shafi-shafi tana ɗaura mata kallabi. Na ce, "Gwaggo, su fa haka suke."

Ta ce, "A garinsu. Nan gidan surukai ta zo."

Kun tuna tafiyarmu bikin suna a Sabuwa da damina? Mata cike da bayan a-kori-kura, kowa da ƙunshin zannuwa, ita kuwa kwalla a cinya. Mun wuce Faskari ke nan mota ta kafe a laka. Mata suka hau mita, jarirai suka hau kuka. Gwaggo ta shimfiɗa gyale a gindin kaɗanya ta buɗe Mai Hanci. Kafin a jima har masu tura mota sun bar turi sun zagaye ta. Da ƙyar wasu manoma suka fitar da motar, direba ya yi ta danna oda. Gwaggo ko gezau.

"Hajiya, rana na yi!"

"Jirgin bawan Allah na nutsewa, kai kana zancen rana? Motarka ta fita, nasa jirgin fa?"

Direban ya kashe mota, ya zo ya tsuguna. Sai da Mai Hanci ya taka tudu muka tashi. Mun isa Sabuwa an riga an wanke tukwane.

Wanda ta fi so shi ne wani saurayin soja mai jar riga, Ɗan Auta take ce masa. A shafin ƙarshe yana kwance a ciyawa, ido rufe, abokansa tsaye sun cire huluna. Kullum in an zo nan sai ta rage murya ta ce, "Ya gaji, barci yake. Ku tashi a hankali kar ku tashe shi." Mu kuwa sai mu fita da sanɗa.

To, sai aka sa mu firamare, na kai aji biyar, Turanci ya fara shiga kai, girman kai ya biyo shi. Wata la'asar, gaban yara kusan goma, na sa yatsa a ƙasan hoton na ce, "Gwaggo, ba barci ba ne. An rubuta nan, ya mutu."

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi! Ta rufe littafin, ta ce kowa ya tafi gida. Kwana takwas ba ta buɗe kwalla ba, yara suka daina yi mini magana. Innarmu ce ta zaunar da ni ta gaya mini abin da ba a faɗa a gidan: Gwaggo tana da ɗa guda, Yaya Hamisu, ya shiga soja lokacin yaƙi ina goye. Takardar rasuwarsa kawai aka aiko. Ba ta ga gawa ba, ba ta san kabari ba.

Na same ta tana surfen wake, na durƙusa ina kuka. Na ce, "Gwaggo, na sake dubawa, ni ce ban iya karatu ba. Barci yake."

Ta ajiye taɓarya ta dube ni. "Ja'ira, ga boko ga ƙarya? Mi kika ɗauke ni, makauniya? Wa ke cire wa mai barci hula? Tun ranar farko na sani." Ta goge mini fuska da bakin zanenta. "Shi wanga na ga inda ya kwanta, ɗiyata. Ciyawa mai kyau, mutanensa a kansa. Shi ya sa nake son in riƙa dubawa."

Sai kuma ta ture ni. "Tashi ki kira mani yaran nan. Daga yau ke za ki karanta abin da Bature ya ce, ni kuma in gyara masa."

Haka muka yi har na tafi makarantar kwana. Bature bai taɓa yin daidai ba ko sau ɗaya.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Tabawa, Ya yafe mata, Ya haskaka makwancinta. Ya haɗa ta da Hamisunta, ta gan shi da idonta.