Sada Gajere da Tabon da Aka Yi wa Fenti

Jiya Alhaji Manu Dabo, mai motocin haya a Kankiya, ya shaida wa 'yan sanda cewa marigayi Sada Gajere ne ya ɗaura ƙarfen da ya fashe a motarsa. Sada, makanikin manyan motoci na bakin tashar Kankiya, ya rasu ranar Talata, 17 ga Maris, 1981, a asibiti a Katsina, sakamakon raunin da ya samu a kasuwar Kusada. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Mamaci ba ya kare kansa, saboda haka ni zan yi magana.

Sada, unguwarmu ɗaya, kuma tun muna yara kake yi mini tsiya. Ranar da na fara kawo maka 'yar motata daga Kaduna, ka zagaya ta, ka saurari injin, ka ce, "Ɗan jarida, motarka lafiya lau take. Direba ne ba ta da shi." Ka gyara, ka hana ni tafiya sai da na ci tuwon matarka Hawwa'u. Matan Dudunni masu nono ba su manta ranar da motarsu ta mace a hanya da rana tsaka ba. Ka bar aikin da ke hannunka ka je ka tashe ta kafin nonon ya lalace. Da tsohuwa Iyatu ta matsa sai ta saka maka, ka ɗauki ludayi ɗaya ka sha, ka ce, "Inna, kin biya har da canji."

Da aka fara shigo da sababbin manyan motoci masu turbo, wanda mutanen tasha ke kira tabo, kai ne ka fara buɗe cikinsa a Kankiya. Ka taɓa yi mini bayani da 'yan kalmomi: fanka ce ƙarama da hayaƙin inji ke juyawa, tana tura wa injin iska. Baƙin mai ke sanyaya ta. In ta lalace, man ya ɓalle ya bi iska ya shiga inji, to injin gas zai kama shan man jikinsa, yana gudu yana ƙara gudu, ko an zare makulli. Ba abin da ke tsayar da shi sai a toshe masa numfashi.

A farkon watan nan Bubayero, direban Alhaji Manu, ya kawo maka motar tana fito kamar tsuntsu, tana zubar da shuɗin hayaƙi. Mutanen tasha sun ga abin da ka yi. Ka kwance bututun iska, mai ya zubo maka a hannu. Ka sa yatsa ka taɓa fankar, tana rawa. Ka duba wurin matatar iska, ka tarar an cire ta an ɗaure wurin da ɗankwali. Ka ce wa Bubayero, "Wannan ɗankwalin na uwargida ne ko na amarya? Je ka ce wa Alhaji tabo ya mutu. Motar nan ba ta tashi sai an kawo sabo daga Kano."

Sannan ka yi abin da kake yi wa duk ƙarfen da ka yanke wa hukunci: ka ɗauki kurfi da guduma ka sare shi sau uku a gefe, don kada wani ya wanke shi ya sayar wa talaka a matsayin sabo. Kowane makaniki daga Kafin Soli zuwa Kunduru ya san saran Sada.

Alhaji ya zo da kansa. Ya ce, "Malam Sada, hayaƙi ne fa kawai. Wace mota ce ba ta hayaƙi?" Ya sa aka ja motar zuwa gidansa, aka tafi da mataccen tabon a bayanta. Daga ranar ba ka sake taɓa ta ba.

Ranar kasuwar Kusada ka je sayen akuya. Motar Alhaji ta shigo cike da mutane da buhuna, ta tsaya tsakiyar 'yan hatsi. Bubayero ya zare makulli, injin bai mutu ba, sai ƙara da yake yi kamar zai tsage ƙasa. Hayaƙi ya rufe rumfuna. Wasu suka ce aljanu ne. Mata da yara na bisa kaya, ba su iya saukowa ba. A garejinka akwai katakon da kake toshe iska da shi, amma kana Kusada, ba ka da komai sai rigar jikinka. Ka tuɓe ta, ka naɗe, ka hau ka cusa a bakin bututun iska. Injin ya shaƙe ya mutu, amma sai da fankar ta tarwatse ta same ka a wuya. Duk wanda ke bisa motar nan ya kwana gidansa.

Alhaji Manu ya zo zaman makoki cikin farar shadda. Ya ce wa Hawwa'u ta bayan labule, "Ƙaddara ce, sai haƙuri." Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma na je na ga gutsattsarin tabon a inda aka ajiye su. An shafa musu sabon fenti ruwan azurfa. Inda fentin ya ɓare, sara uku na nan a gefe. Ƙaddara ba ta sayen fenti, Alhaji.

Aikina ya koya mini kada in rubuta abin da ban tabbatar ba, don haka ban ce na san hannun da ya mayar da ƙarfen ba. Na dai san gidan da motar ta kwana, na kuma san bakin da jiya ya ɗora wa mamaci laifi. A bakin kabari liman ya roƙi jama'a su yafe wa Sada, muka yafe. Ba wanda ya roƙe mu mu yafe wa Alhaji Manu, kuma ko an roƙa, ni ban yafe ba. Zan bi maganar nan kotu-kotu, in buga sunansa a duk zaman da aka yi, har ya gaji da ganinsa. Abin da ya fi ƙarfin kotu, Allah ya isa.

Allah ya jiƙanka, Sada, ya yalwata maka kabari, ya karɓi rigar nan taka a ma'aunin alheri. Ina miƙa ta'aziyya ga Hawwa'u, da 'ya'yanka Ummaru da Zinariya, da mutanen tashar Kankiya baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya hana mu haƙurin zalunci.

Tun ranar kasuwar ba a ga Bubayero ba. Yayansa ya ce yana rugar kawunsu a bayan Dudunni, kuma ya yarda zai fito ya faɗi wanda ya sa aka yi fentin. Har zuwa lokacin da na ajiye alƙalami, ba a tabbatar da hakan ba.