Ranar da Inji Ya Yi Rowar Shinkafa

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ranar da Baba mai ɗinkin buhu ya yi dambe da inji ba za ta fita ba.

Lokacin ina aiki a wata ƙaramar masana'antar shinkafa a hanyar Saga. Ni na matsa wa patron, wato mai masana'antar, wani Alhaji ɗan Maraɗi, har ya yarda aka haɗa injinanmu suna magana da juna. Inji mai zuba shinkafa ya zuba, bel ya ja buhu zuwa sikeli, sikeli ya auna ya faɗa wa mai zubawa ko ya yi daidai, sannan a ɗinke. In ana son a bar manyan buhuna a koma ƙanana, allon kwamfuta kawai zan taɓa, kowane inji ya gyara zamansa. Alhaji ya saki kuɗinsa yana huci, ya ce: "Yaro, in abin nan ya ba ni kunya, kai da allonka ku nemi wani gida."

Ranar gwaji ya gayyato wata Hajiya daga Boukoki, babbar ƴar kasuwa mai raba kaya shaguna, wadda ke son ƙananan buhuna na kilo biyar. In ta gamsu, mun samu ciniki, in ba ta gamsu ba, na san inda ƙofa take.

Shi kuwa Baba, dattijo ne ɗan Tawa, ya yi rabin rayuwarsa yana awon hatsi a kasuwa kafin ya zo wurinmu. Duk kwanakin da muke haɗa injinan yana gona, ran nan da safe ya dawo. Ina ta rawar kai, na ajiye shi tsakanin mai zubawa da sikeli, na ce ya riƙa miƙe bakin buhu kawai. Ban ƙara masa ko kalma ɗaya ba.

Na taɓa allo, injina suka juya kamar sojoji. Hajiya ta ce: "Kai, madalla!" Ni ko sai wani fankama nake, na ja su can gefe ina ta zuba bayani, na ba wa bel baya.

Ashe Baba, da buhun farko ya zo gabansa, ya leƙa, zuciyarsa ta ƙi. Ma'auni ne, a wurinsa awo ba ya cika sai an ɗora gyara. Ya damƙo shinkafa daga wani daro da ke gefensa ya watsa a ciki. Sikeli ya auna, ya ga ta yi yawa, ya kai ƙara wurin mai zubawa, shi kuma ya rage. Buhu na gaba ya zo da ɗan rama, Baba ya ja tsaki ya zuba hannu biyu. Sikeli ya sake kai tsegumi, inji ya sake ragewa. Baba ya ajiye hannu ya ɗauko tiya.

Hakin mutum ne ya sa na waiwaya. Na ga Baba ya tuɓe riga, gumi na zuba, yana ɗibar shinkafa da tiya yana cika buhuna da gudu, inji kuwa tsiyaye kawai yake yi, ƴan ƙwayoyi kamar mai ba kaji. Na garzayo. Na duba allo, ya ce komai lafiya, tunda duk buhun da ya isa sikeli cike yake.

Alhaji ya daka tsawa: "Baba, lafiya?"

Baba ya share goshi ya ce: "Alhaji, ina lahiya! Mashin ɗin nan marowaci ne. Tun ɗazu nike rufa maka asiri gaban baƙuwa. Ina ƙarawa, shina ragewa. Wallahi ko a kasuwar yunwa ban ga mai ƙeta irin shi ba!"

Hajiya ta yi dariya har sai da ta nemi kujera. Alhaji bai yi ba, ni yake kallo. Na tsayar da komai, na yi wa Baba bayanin da ya kamata in yi masa tun safe. Ya saurara tsaf, ya ce: "To, ɗana, kun koya ma ƙarhe gulma, ni kuma ba wanda ya hwaɗa mini?"

Aka sake tayarwa, Baba ya harɗe hannuwa a baya yana kau da kai kamar mai azumi gaban tuwo, buhuna suka fito daidai. Hajiya ta ba da cinikin, ta ce amma in ta zo ɗaukar kaya, Baba ne zai ba ta gyararta da hannunsa. Aikina ya tsira da ƙyar.

Na sha dariyar ranar, amma maganar Baba ta tsaya mini a rai. Na ɓata makonni ina tabbatar da cewa kowane inji ya san abin da ɗan'uwansa ke yi, na ƙyale mutumin da ke tsaye a tsakaninsu. Tun daga nan, kafin in haɗa waya da waya, sai na fara jawo benci na zauna da masu aikin.