Ƙofar Likitan Kusu

Kakar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar yayana Sanusi, wanda mutanen garinmu suka laƙaba ma suna Likitan Kusu. Ba don girmamawa suka sa mishi sunan ba. Har yau in na wuce bisa moto akwai masu cewa ga ƙanen Likitan Kusu nan, su bushe da dariya. To ku yi ta yi. Ni dai yau zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa, kuma inda kowa zai karanta zan faɗe shi, har da waɗanda ba su son ji.

Garinmu ƙauye ne cikin ƙasar Mayahi, ta wajen Cake. Gero da wake muke nomawa. Sanusi ne ɗan farin Innarmu, ni Hamisu ni ne ƙaramin maza. Shi ya bi lakwal har ƙarshe, daga Mayahi zuwa Maraɗi, ya wuce jami'a Yamai. Ni aji biyar na aje kaye, littahin rubutu, na bar lakwal. Ban iya zama wuri guda ba, mushe, malamin aji, na magana ƙafata na ƙaiƙayi. Na yi turin kura Tasawa, na yi dako, daga baya na samu moto na shiga kabu-kabu.

Sunan ya samo asali wani hutu da ya zo gida. Ana zaune gindin bedi bayan la'asar, Baba Idi, ƙanen mahaihinmu, ya tambaye shi wane aiki ne takamaimai yake yi can Yamai. Shi kuwa Sanusi bai iya kwana-kwana ba. Sai ya ce kusu suke kiwo, wato ɓera, farare, cikin keji. A ba su abinci, a auna nauyinsu, a auna masu tansiyo, wato hawan jini, ta wutsiya. Sai Baba Idi ya ce, "Mu nan kusu ya hana mu sakat cikin rumbu, kai an kai ka Yamai kana ba shi tuwo? In za ka koma zo da buhu, in cika maka kyauta." Har limami sai da ya riƙe ciki. Sanusi ya yi dariya tare da su. Ni ne raina ya ɓaci.

Washegari bakin rijiya na ce mishi, Yaya, wai da gaske wannan ne aikin? Akwai makiyaya na ɗura ruwa cikin salka, sai ya nuna mani. Ya ce salkar da ta sha mai, taushi gare ta, ka cika ta ta miƙe, ka juye ta koma. Wadda ta bushe kuwa ta ƙage, ka matsa mata ruwa sai ta tsage. Ya ce jijiyar jini ma haka take. An gina ta da wasu ƙanana-ƙananan abubuwa da ido bai gani, kowane da ɗan siririn kitse da ya lulluɓe shi kamar fata. Kusun nan nasu da hawan jini ake haihuwarsu, gadon gidansu ne. Su kuma suna duba ko kitsen nan nasu ya bambanta da na kusu mai lahiya, ko shi ne ke sa jijiya ta ƙi sakewa. Ba a yanka mutum a duba jijiyarshi, shi ya sa ake yi da kusu. Na ce to mi kuka gano? Ya ce, "Muna nema." Na ce shekara nawa kuna neman? Ya tallaɓe mani ƙeya.

Nan bakin rijiyar ya faɗa mani abin da bai faɗa ma kowa ba. Babanmu ya faɗi cikin gona ina ƙarami, bai tashi ba, aka ce iska ta buge shi. Sanusi ya ce ba iska ba ce, jijiya ce ta tsage cikin kai, kuma abin na bin gida. Shi kanshi shina da shi, ƙwaya yake sha kullum, ya ɓoye ma Inna don kada hankalinta ya tashi. Ya ce, "Kai ne mai moto. Ran da ka ga bakin mutum ya karkace, hannu ya saki, magana ta kakkarye, kada ka jira kowa. Ɗauki ka kai likita." Na ce to, ina kallon wata yarinya mai jan guga.

Ba zan wanke shi tas ba don ya mutu. Shi ma ya yi sakaci. Kakar da zai rasu ya zo da niyyar kwana goma, aiki ya yi yawa, ya ƙara sati biyu. Ƙwayarshi ta ƙare. Na ce in tahi Mayahi in sayo, ya ce bari mu gama ɗaurin damma, ran kasuwa mu je tare. Mutum mai auna wutsiyar kusu sahe da marece, ya bar kanshi kwana da kwanaki ba magani. Har yau ina jin haushinshi kan wannan.

Da hantsi ne, muna gona, ƙanwarmu Hadiza ta kawo hura. Ya ɗauki ludayi, ludayin ya faɗi. Ya sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Na dubi huskarshi, gehe guda ya zube. Muka aza shi bisa amalanke muka kai gida. Motona na nan zaure, tanki cike da isansi. Na ce, Baba, mu kai shi likita yanzu. Baba Idi ya ce jini ne ya taru mishi a ƙeya, a kira wanzami ya yi ƙaho ya jaye shi, a yi turare, gobe in bai sake ba a gani. Haka ake yi garinmu tun kahin a haihe ni. Na ce ai shi da bakinshi ya ce kada a jira. Baba Idi ya dube ni gaban mutane ya ce, "Kai da ko sartifika ba ka ci ba, kai za ka koya mana jinya? Zauna."

Na zauna. Wannan ita ce maganar da nake son a buga da manyan baƙaƙe. Ba wanda ya ɗaure ni, ba wanda ya karɓe makullin moto. Kunya ce ta zaunar da ni, kada a ce ɗan wane ya ja da ƙanen ubanshi. Aka kafa mishi ƙaho, jini ya hita baƙi, mata suka ce alhamdu lillahi ga cutar nan ta hito. Shi kuwa shina kwance bisa tabarma, ido guda na kaina, hannunshi mai rai na bugun ƙasa. Bugu uku ya tsaya, bugu uku ya tsaya. Kowa ya ce zahin ciwo ne. Ni na san da ni yake. Sai da wani hantsin ya dawo aka yarda muka tahi Mayahi, daga can aka wuce da shi Maraɗi. Kwana na uku Allah ya karɓi abinshi.

Na san abin da za ku ce, an faɗa mani sau ba iyaka. Ajali ne. Na yarda, ni ma musulmi ne, kuma ko likita bai ce mani da mun zo da wuri tabbas zai tashi ba. Amma Baba Idi da kanshi, in ya casa wake, buhu mai leda biyu yake nema ya ɗaure baki tamau don kada ƙwari su ci. Ban taɓa jin ya bar buhu buɗe ya ce ajalin wake ne ba.

Bayan arba'in aka aiko da kayanshi daga Yamai. Tufafi, takardu cike da faransanci da zane-zane da ban iya karantawa, da na'urar awon tansiyo, mai robar nan da ake naɗawa ga hannu. Na kai ta wurin majo, babban mai jinya na likitar Cake, ɗan asibitin wajenmu, mutumin kirki, ya koya mani inda ake naɗawa da lambar da in na gani ba wasa. Tun daga ranar tana cikin jakata. Ran kasuwar Cake, ran kasuwar Kanambakashe, in fasinja ya yi ƙaranci sai in zauna rumfar mai shayi in auna duk mai so. Ba ni karɓar ko dala, ba ni ba da magani, ni ba likita ba ne. In lamba ta yi sama in rubuta ta ga takarda in ce kai ma majo. Wani ya kai, wani ya naɗe goro da ita.

Ina yawan tunanin mi Sanusi zai ce da ya ga yau. Ga talho, wato waya, hannun kowa, ga ruwa na hitowa da hasken rana a garuruwan da da sai an sa raƙumi jan guga. Zai ji daɗin wannan. Amma cikin talhon nan ne ake turo muryar wani mai kwalba guda da ke maganin tansiyo da basir da ciwon ƙoda da rashin kasuwa. Ran kasuwa ga shi da lasifika bisa mota, jama'a sun yi layi. Ni da robata mutum huɗu, biyu cikinsu tsokana ta kawo su. Miya kuwa dunƙulen ɗanɗano uku ake jefa mata bayan gishiri da kanwa. Na san Sanusi, ba zai yi faɗa ba. Zai zauna ya yi ta bayani da salka har rana ta faɗi. Nan muka bambanta. Ni haƙurin bayani ya ƙare mani ran da na zauna.

Inna na fara aunawa. Lambarta sha bakwai, wani lokaci sha takwas, ta yi sama ƙwarai. Da ƙyar ta yarda da ƙwaya, kanwar miyarta kuwa har cikin tsohuwar tukunya take ɓoye mani ita. Bara da kaka, da sahe, tana shara tsakar gida sai tsintsiya ta suɓuce mata. Ta kira sunana, sunan bai hito daidai ba. Na dubi bakinta.

Kahin in tura moto tsakar gida har labari ya kai ma Baba Idi, don katanga guda ta raba mu. Ya zo ya tsaya bakin zaure, ya cika ƙofa da babbar riga. Ya ce an tahi kiran wanzami, kada in kuskura in jijjiga tsohuwa bisa hanya. Na ce, Baba, ka ba ni hanya. Ya ce, "Ni kake faɗa ma haka? Matar wana ce, ni ke da magana kanta. Wancan da ya yi karatun ma mi ya tsinana, balle kai." Hadiza na kuka. Na ce mata ki bar kuka ki kama. Muka aza Inna bayana, Hadiza ta hau ta tallabe ta, ta zagaye mu da zane ta ɗaure. Ba ni iya ture dattijo, ban kai nan ba. Na juya kan moto na nuhi darnin bayan gida, na kara ne, na ba shi wuta. Kara ya tsage mani goshi, kaji suka watse, muka hita ta gonar maƙwabci muka hau hanyar Cake.

Majo na ganinmu ya kira mota ta kai ta Mayahi. Sati biyu muka yi. Yau Inna tana nan. Tana jan ƙafar hagu, hannun bai riƙe taɓarya, amma bakin ya dawo, kuma faɗanta duk kaina yake ƙarewa. Ba ni cewa ni na tsirar da ita, Allah ne. Abin da na sani kawai, wannan karon ban zauna ba.

Baba Idi shekara guda kenan bai amsa gaisuwata. Ina gaishe shi kullum, in durƙusa yadda aka koya mani, ya kau da kai. Ya aiko a ce mani in gyara darnin da na karya in zo in ba da haƙuri gaban mutane. Haƙurin ɗaga murya na ba da, don na ɗaga. Na hita da Inna kuwa ba zan ba da ba, ko shekara goma zai yi bai dube ni ba. Gobe in shi ne ludayi ya faɗi daga hannunshi, haka zan ɗaure shi da zane, ya zage ni bisa hanya in bakin ya yarda.

Sanusi bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, bai gama neman da yake yi ba. Ban san inda kusun nan suka ƙare ba, ko wani ya ci gaba da duba kitsen jijiyarsu. Ina fatan akwai, kuma ina fatan garinsu ba su yi mishi dariya. Takardun na nan cikin akwati, gara ta fara taɓa gehensu. Abin da ya rage nashi a garin nan shi ne magana guda da ya faɗa ma ƙanenshi marar sartifika bakin rijiya, wadda ta makara da yini guda kanshi, ba ta makara kan uwarshi ba.

Darnin kuwa ban toshe ba. Na kafa itace biyu, na sa ƙyaure, faɗin moto da mutum uku. Inna, kamar kowace uwa a wajenmu, ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, ko shina raye ko bayan ya tahi. Shekaranjiya awaki suka shigo ta nan suka afka ma wakenta da ke shanya. Ina jin ta daga ɗaki tana ƙwala mani kira, "Hamisu! Kai marar jin magana! Zo ka ruhe ƙofar yayanka."

Allah ya jiƙan ka, Yaya. Na ruhe, amma ban sa mata kwaɗo ba.