Yaɓen Ɗakin Baba

Ina goye a bayan Inna Baba ya bar Wurno zuwa Makka, da ƙafa, shi da jakinsa. Na yi wayo, na yi aure, auren ya mutu na dawo gida, bai dawo ba. Sau ɗaya wani falke ya ce ya gan shi yana tsinkar auduga a ƙasar Sudan. Ban da wannan, shiru kake ji.

Dangi sun yi ta fama da Inna ta je wurin alƙali a raba auren, ta ƙi. Amsarta guda ce: hanya ce da nisa. Kuma duk shekara kafin damina sai an yi wa ɗakinsa sabon yaɓe. Ni ke ɗauko laka daga fadama a ka, in cakuɗa da ƙaiƙayi, ita tana shafawa. Wallahi na tsani aikin nan. Namu ɗakin na yoyo, muna gyara na ɓeraye. Da na yi ƙorafi sai ta ce bakina ne ya kashe mini aure.

Ana nan, a ƙarshen zamanin Turawa, sai ƙanenta, kawuna mai fataucin shinkafa a Goronyo, ya ce zai tafi hajji ta jirgin sama. Muna shuka ya hau mota zuwa Kano. Inna ta yi masa sallama da kuka, irin ta wanda ba a sa ran sake gani.

Gero bai ko fid da kai ba ya dawo.

Muka tafi yi masa barka, muka kwana a hanya, ƙafafuna duk sun kumbura. Da mutane suka ragu Inna ta matsa kusa da shi.

"Alhaji, daga Kano zuwa Jidda wata nawa kunka yi?"

"Wane wata, Yaya? Da hantsi munka tashi, anka sha mai Hartum. Wanshekare Jidda ni karya kumallo."

"Mi kac ce?"

"Tahiyar da kunka yi daga Wurno zuwa nan ta hi tawa wuya."

Ya ci gaba da zuba, shi bai lura ba, ni kuwa ina ta harararsa. Wai a jirgin dawowa har da tsofaffin da suka tafi da ƙafa tun yana yaro, sun yi aiki can sun tara guzuri, ga su sun komo. "Yanzu duk mai son gida," in ji shi, "ba nisa ka hana shi ba."

Inna ta karɓi dabino da zamzam ta yi godiya. Muka kamo hanyar Wurno. Na ji haushin Kawu, na ji na jirgin, na fi jin na mutumin da ban ko san fuskarsa ba.

Da bazara ta zagayo, na ɗauki kwando zan nufi fadama kamar kullum. Inna tana zaune tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Aje shi, ɗiyata," ta ce. "Kin gaji."

Tun ina yarinya nake jiran wannan magana, amma da ta zo sai na kasa ajiye kwandon. Na je na ɗebo lakar, na yi yaɓen ni kaɗai, ina yi ina zagin Baba a zuci.