Mutum Ashirin da Uku da Moshiur Ya Tsallake

Daga Allah muke, kuma gare Shi Moshiur Pramanik ya koma ranar Laraba, sha tara ga watan Yuni, jim kaɗan bayan Azahar. Yana zaune a rumfar mai shayin da ke ƙasan ofishinmu a nan Khulna, kofi a hannu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya dafe ƙirji ya sulale. Kafin mai keken haya ya kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekarunsa arba'in da shida.

Moshiur bhai, ɗan'uwa, ni ce Dilruba, wadda ta yi shekara tara tana zaune a teburin da ke kallon naka. Ka san halina, ba na yarda da mutum sai na juya shi ciki da bai. Kai ma ban bar ka ba, har bayan an binne ka, kuma dalilin wannan rubutun ke nan.

Kai ka gina wa ƙungiyarmu ta masu ba da jini shafinta na intanet, da harshen PHP, ba ka karɓi ko taka ɗaya ta kuɗin ƙasar nan ba. Tun a lokacin na ce a raina, mutum bai yin aikin banza, da walakin. Ka riƙa zuwa da soyayyar shinkafa a ƙunshin jarida kana raba wa kowa, na ce neman kujerar shugabanci ne. Da aka ba ka kujerar ka ƙi, na ce to akwai abin da ya fi ta da kake hange. Ranar da mahaifiyata ta kwanta, ka yini a bakin ɗakin tiyata ba wanda ya kira ka. Na gode maka da baki, amma ina ta lissafin me za ka nema daga baya. Ba ka taɓa neman komai ba.

Kwana goma bayan rasuwarka aka danƙa mini aikin shafin. Yadda yake aiki ba wuya. In wani asibiti ya nemi jini, na'ura takan bi jerin masu irin wannan jinin ɗaya bayan ɗaya, tana aika wa kowa saƙo da sunansa, har ta kai ƙarshe. A tsakiyar wannan zagayen na tarar da layi guda da ka saka. Lambobin rajista ashirin da uku ne a jere, sai kalmar continue, wadda ke ce wa na'ura ta tsallake wannan ta wuce na gaba. Ba ta tsayar da zagayen, ba ta goge kowa daga rajista. Mutum yana nan da sunansa a shafi, amma saƙo ba zai taɓa isa gare shi ba. Kai da kake rubuta bayani a kan kowane ɗan layi har ka ishe mu, nan ba ka rubuta ko harafi ba.

Sunaye da lambobin waya suna kulle a hannun shugaban ƙungiya, Zillur Shaheb. Ni nau'in jini kawai nake iya gani, kuma na ga bakwai daga cikinsu masu jinin nan ne da ake wahalar samu. Na ce ashe nan ka ɓoye, ka ware su ne don danginka, ko don wani asibitin 'yan kasuwa da ke kiran ka ta bayan fage. Na hau sama na faɗa wa Zillur Shaheb.

"Apa, 'yar'uwa, ke dai ko mala'ika ya zo sai kin leƙa aljihunsa," in ji shi. "Mutumin nan ko kwana arba'in bai yi ba."

"Shaheb, marar lafiya ba ya jiran arba'in. Ko ku buɗe mini sunayen ko in cire layin."

Ya ce sai kwamiti ya zauna ranar Asabar. Na ɗauka shi ma da hannunsa a ciki. Na sauko na goge layin, ina jin kaina gwana.

Washegari da hantsi aka nemi jini, saƙo ya fita. Ba a yi awa ɗaya ba wayar ofis ta yi ƙara. Wata tsohuwa ce daga tsallaken kogi.

"'Yata, wa ke neman ɗana Tuhin? Shekara biyu ke nan da jirgin ruwa ya kife da shi. Wayarsa nake riƙewa. Wancan yaron naku mai gilashi ya yi mini alkawari ba za a ƙara kiransa ba, kuma ba za a cire sunansa ba."

Kai take nufi. Ban gama ba ta haƙuri ba wani magidanci ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Saƙon ya faɗa hannun matarsa, ta ce maza ya je ya ceci rai kamar yadda ya saba. Ya ja ni gefe ya ce an gano masa ciwon hanta a jini shekara uku da suka wuce, kai kaɗai ya faɗa wa. Da an cire sunansa daga shafin da unguwa ta tambayi dalili. Ya ce, "Apa, yanzu me zan je in ce mata?"

Na mayar da layin kafin La'asar. Ranar Asabar aka buɗe sunayen, na bi su ɗaya ɗaya, kuma kada in yi maka ƙarya, ina bi ne ina fatan in kama ka ko da a kan guda, don kunyata ta ragu. Tara sun rasu. Wasu marasa lafiya ne, wasu tsofaffi ne da ba sa iya cewa a'a in an kira su. Na kai kan lamba ta ƙarshe, ɗari huɗu da takwas, na ga sunan Dilruba Khatun.

Shekara shida da suka wuce na suma bayan ba da jini, likita ya hana ni ƙarawa. Na rantse a gabanka duk wanda ya taɓa sunana a rajista sai mun kwashi 'yan kallo. Ka ce, "To, apa, ba mai taɓawa." Ba ka taɓa ba. Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka irin jinina ne ya yi yawa a gari shi ya sa ba a nema na.

Na zarge ka kana raye, na zarge ka kana kabari, na kai sunanka gaban shugaba da mugun zato. Ina jin kunya, kuma ina kewarka ƙwarai.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Moshiur, Ka haskaka kabarinsa, Ka rufa masa asiri ranar tonon asiri kamar yadda ya rufa wa bayinKa. Ka yafe kurakuransa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinsa da 'yan uwansa, da 'ya'yansa Mahin da Orpa, Allah Ya raya su a kan halinsa. Lutfa bhabi, Allah Ya ba ki haƙurin rashin mijinki. Shi ya wuce inda ba zan iya roƙonsa gafara ba, don haka gobe zan zo gidanki in faɗa miki abin da na yi da bakina.